Shekarar da Aka So Injin Ban Ruwa Ya San Manya

Ku 'ya'yana, da ku 'ya'yan Yaya Sahabi idan wannan rubutu ya kai gare ku, ku karanta wannan babi da natsuwa, domin a kansa aka fi yi mini ƙari, a kansa kuma na fi yin shiru. Kun tashi kun tarar ana cewa ni na kunyata yayana a gaban jama'a, na sa ya sauka daga shugabancin ƙungiyar manoman fadamarmu, wai don na yi boko ina ganin kaina. Rabin maganar gaskiya ne. Ya ji kunya a ranar, ya kuma sauka, kuma ni ne sanadi. Abin da ba a gaya muku ba shi ne abin da ya nema a wurina, da dalilin da ya sa na ƙi. Na wuce shekarun neman a wanke ni, amma ba na so ku gaji gabar da ba ku san tushenta ba.

Bari in fara da irin aikina, don har yau in aka tambayi wasunku sai su ce Baba malamin kwamfuta ne, su ja bakinsu su yi shiru. Na ƙarar da ƙarfina ina koyar da rubuta manhaja a jami'a, kuma a cikin wannan fage mai faɗi akwai wani ɗan lungu da na zauna ciki har na yi furfura. Kwamfuta takan ɗauki ayyuka da yawa a lokaci guda, kuma kowane aiki da ke tafiya da ƙafarsa muna kiransa zare. Zaruruwan nan ba sa jiran juna. Ba wanda ya san wanne zai riga wanne, domin na'urar tana tsalle tsakaninsu yadda ta ga dama. Muddin kowa na harkar gabansa, lafiya lau. Rigima tana tashi ne in biyu suka kai hannu ga abu ɗaya, kamar mata biyu da guga ɗaya a bakin rijiya. Aikina shi ne ƙera makullin da zai sa ɗaya ya riƙe, sauran su jira, sa'an nan in tabbatar, ba da zato ba, cewa makullin ba zai taɓa cin amana ba. Kashi na farko duk ɗalibi mai kai yana iya shi. Na biyun ne ya cinye mini gashin kai.

Da na ajiye aiki na dawo Wurno, niyyata in huta, in riƙa zama ƙofar gida ina yi wa masu wucewa tsiya. A shekarar ce wasu masu taimako suka kafa wa ƙungiyar manomanmu injin ban ruwa mai aiki da hasken rana. Yana jan ruwan kogin Rima, wanda ake saki daga dam ɗin Goronyo da rani, ya turo shi ta babban bututu ɗaya, kowace gona da bawul ɗinta, wato kan famfon da ake buɗe mata ruwa da shi. Aibinsa guda ne: in aka buɗe bawul biyu tare, ƙarfin ruwan ya mutu, kowa ya sami ɗigo. Dole sai ɗaya bayan ɗaya. Mutanen da suka kafa shi sun bar wata 'yar kwamfuta a ɗakin injin wadda za ta iya buɗewa da rufewa, manomi ya aika saƙo ta wayarsa ya nemi ruwa. Sai dai ba su bar mata hankalin da za ta san wa za ta fara ba wa ba. Suka ce wannan mu ya shafa.

Yaya Sahabi shi ne shugaban ƙungiyar. Ku da kuka san shi da tsufa ba ku san shi ba. Shi ya riƙe gidanmu bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya tsaya a gona don ni in tafi makaranta, kuma bai taɓa yi mini gori ba ko da wasa. Mutum ne da ba ya magana biyu. In ya ce gobe, to ko ana ruwan ƙanƙara goben ce. Da wannan ya riƙe mutanen fadama shekara da shekaru, ba da dukiya ba, don ba shi da ita. Ina da furfura da jikoki amma Auta yake ce mini, ni kuwa ban taɓa zama kan kujera yana tsaye ba.

Dattawan fadama sun tsorata da na'urar. Abin da ya dame su shi ne kada a wayi gari dattijo yana tsaye bakin fangalinsa yana jira, ɗan da aka haifa a gabansa yana shan ruwa, don kawai ɗan ya fi shi saurin yatsa a kan waya. Suka ce in haka ne a mayar wa masu ita. Yaya ya tashi a gabansu ya ɗauki alkawari, sa'an nan ya zo ya same ni da shi a ƙulle.

"Auta, na ba dattawa baki. Na ce injin ga sai ya san manya. In babba da yaro sunka nemi ruwa tare, yaro shi dakata. Ka iya, ko in biɗi wani?"

Na ce na iya. Ban ga aibu a lokacin ba, kuma ba na jin kunyar faɗin haka, domin irin wannan aibin ido ba ya hango shi. Shi ya sa ake tantancewa.

A yaren kwamfutar da nake rubuta manhaja da shi, komai ana gina shi ne a matsayin abu mai siffarsa da halinsa. Saboda haka na gina kowace gona a matsayin abu guda: ga mai ita, ga girmanta, ga abin da take iya yi, wato ta nemi ruwa, ta riƙe, ta saki. Duk saƙon da ya shigo zarensa daban. Makulli ɗaya ne a kan bututun. Sai kuma dokar Yaya: kafin zare ya ɗauki makulli, sai ya duba masu jira, in akwai wanda ya girme shi ya koma ya zauna. To amma girma a wurinmu ba shekaru ne kaɗai ba. Akwai baffa da kawu, akwai suruki, akwai malamin da ka yi karatu a gabansa. Wannan ilimin ba ni da shi, Inna ke da shi. Kakarku a lokacin ta tsufa ƙwarai, ido ya tafi, amma kai na nan garau. Na riƙa zama gabanta da hantsi tana jero mini wane ɗan wane, wa ya auri 'yar wa, ina shigarwa. Ta ji daɗin abin ba kaɗan ba. Duk wadda ta shigo gaishe ta sai ta gaya mata cewa yau kwamfuta ta zo ɗaukar karatu wurinta, kuma ba ta da kai sosai, sai an maimaita mata.

Aiki ya yi kyau. Na gwada shi a gida, na gwada shi a ɗakin inji, bawul yana buɗewa yana rufewa, babba yana riga yaro. Yaya ya zo ya gani da idonsa, ya yi murmushin nan nasa na gefen baki, ya tafi ya sa ranar buɗewa gab da dashen albasa. A wurinsa magana ta ƙare. A wurina kuwa ba a fara ba, domin gwaji yana nuna maka hanyoyin da ka bi ne kawai, ba ya gaya maka komai game da waɗanda ba ka bi ba. Muna da wata manhaja ta biyu wadda aikinta ke nan. Kana ba ta abin da ka gina, ka gaya mata alkawuran da kake so ya cika, ita kuma ta bi duk wani jeri da zaruruwan za su iya zuwa a ciki, ɗaya bayan ɗaya, ba gajiya, ba kara. Alkawari biyu na ba ta. Na farko, kada bawul biyu su taɓa buɗewa tare. Na biyu, duk wanda ya nemi ruwa, ko ba daɗe ko ba jima, ya samu.

Na farko ya wuce lafiya. Na biyu ya faɗi, kuma ta nuna mini inda ya faɗi.

Akwai Alhaji Buhari da Baffa Ladan, gonakinsu na kusa da juna. Alhaji Buhari ya girmi Ladan da shekaru masu yawa, amma Ladan ƙanen mahaifinsa ne, ɗan autan kakan Buhari da aka haifa da tsufa. In su biyun suka kasance cikin masu jira, zaren Ladan ya duba ya ga wanda ya girme shi, ya zauna. Zaren Buhari ya duba ya ga baffansa, shi ma ya zauna. Duk wanda ke ƙasa da su ya gan su zaune, ya zauna. Ruwa na cikin bututu, rana na sama, ba wanda zai sha har a tashi ƙiyama. Da na gaya wa Inna ta yi dariya har da tari, ta ce ai waɗannan biyun tun suna samari ko ƙofar masallaci ba sa shiga sai an tura su.

Na ce to bari in cire dangantaka in bar shekaru kaɗai, in gani. Cijewar da ke tsakanin su biyun ta tafi, amma alkawarin ya sake faɗuwa, kuma wannan karon ban yi dariya ba. A can ƙarshen bututu akwai gonar Nasiru, magidanci ne da iyalinsa, wanda 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu a ƙasar Rabah, ya zo aka ara masa fili. Shi ne ƙarami a duk masu gonakin, kuma baƙo. Injin nan da rana yake aiki. Dattawa za su nema da safe, na biye da su su biyo baya, kafin a zo kansa rana ta yi sanyi, inji ya tsaya. Gari na wayewa dattawa sun sake nema, ya koma baya. Ba wanda ya zalunce shi, kowa ladabi ya bi, amma dashen albasa ba ya jiran ladabi. Kwana kaɗan ba ruwa ya ƙone, kuma wannan albasar ita ce abincin 'ya'yansa na shekara.

Na je na sami Yaya a zaurensa, mu biyu. Na yi masa bayani dalla-dalla. Ya saurare ni har ƙarshe, don shi ba ya katse mutum. Ya ce Buhari da Ladan ba rana ɗaya suke ban ruwa ba. Na ce in zafi ya tsananta kowa kullum zai nema. Ya ce ni da kaina na gwada a gabansa ya ga yana aiki. Na ce abin da ya gani gaskiya ne, amma ba shi ne dukan gaskiyar ba. Ya ce to a buɗe haka, in abin ya faru a gyara. Na ce ranar da zai faru ita ce ranar da aka fi bukatar ruwa, kuma ba ni zan yi asarar ba, ba shi ba, Nasiru ne.

"To mi kaka so in ce ma mutane?"

"Ka ce musu ƙanenka ya duba, ya ga ba ta yi. Laihin shi hau kaina."

"Ba kai kab ba da baki ba. Ni nib ba da. Tun da nike ban taɓa ce ma mutanen ga abu ba in komo in lashe. Yanzu da tsuhwana za ni hwarawa?"

Na fita daga zauren nan zuciyata ba daɗi. Na san abin da ke kan faifai. In na ba shi abin da yake so, bakinsa ya tsira, gonar wani ta ƙone. In na hana, na karya abu ɗaya tak da ya mallaka a duniya, kuma ni ne wanda ya yi wa komai.

Gida ya ɗauki zafi. Mahaifiyarku, ku 'ya'yana, wadda ba ta taɓa rasa dabara ba, ta ce abin ai mai sauƙi ne: in gina abin da na san daidai ne, in ce wa Yaya ga abin da ya nema, wa zai buɗe cikin kwamfuta ya duba? Na ce mata ranar farko da Nasiru ya sha ruwa Alhaji Buhari na jira, kowa ya gane, kuma ranar Yaya zai zama maƙaryaci ba da saninsa ba, wanda ya fi muni. Ta ce ni dai taurin kai gado ne a gidanmu, Allah ya raba ta da shiga tsakanin zuriyar Inna. Inna kuwa ta kira ni, ta sa na zauna kusa da ita har gwiwarmu na taɓa juna.

"Auta, yayanka na hwa. Shi yab bar karatu don kai."

"Na sani, Inna."

"Abin ga da kag gani, ka tabbata? Ba tsammani ba?"

"Na tabbata kamar yadda nis san ke kih haihe ni."

Sa'an nan ta ce in haka ne ba za ta ce in yi ƙarya ba, amma in nemi hanyar da girma ba zai faɗi ƙasa ba, don mutanenmu sun fi yafe yunwa a kan raini.

Wannan maganar ce ta ba ni ginin da ke aiki a ɗakin injin har yau, kuma ina alfahari da shi fiye da duk abin da na rubuta a jami'a. Na cire wa na'urar sanin manya gaba ɗaya. Layi ne, wanda ya riga nema shi ke gaba, kuma wanda rana ta faɗi bai samu ba, shi ne na farko gobe. Amma na buɗe wata ƙofa: in layinka ya zo, kana iya ba wani dattijo kyautar wurinka, kai ka koma nasa. Sharaɗi ɗaya na sa, kyauta ba ta komawa. Wanda aka ba ko ya karɓa, ko ruwa ya wuce ga na gaba. Da haka Buhari da Ladan ba su da yadda za su yi ta miƙa wa juna har rana ta faɗi. Na mayar da shi ga mai tantancewa, ta bi duk hanyoyin da ke akwai, alkawari biyun suka tsaya cak. Na ɗauka na kai wa Yaya. Ya ƙi ko dubawa. Ya ce shi bai ce wa dattawa yara za su riƙa yi musu sadaka da ruwa ba, cewa ya yi inji zai san su. Na gaya masa a fili, a zauren nan, cewa in aka tambaye ni a gaban mutane zan faɗi abin da na sani. Ku riƙe wannan da kyau, domin shi ne ake ɓoye muku. Ban yi masa kwanton ɓauna ba. Shi dai bai yarda zan iya ba, don bai taɓa ganin na musa masa ba.

Ranar taron da ƙungiya ta kira kafin buɗe injin aka shimfiɗa tabarmi a inuwar ɗakin inji bayan la'asar. Mutane sun cika. Sai ga Alhaji Buhari da Baffa Ladan sun iso tare, tabarmar gaba kuwa saura wurin mutum ɗaya. Ladan ya ja baya ya ce bismillah Alhaji. Alhaji ya ja baya ya ce haba Baffa, wane ni. Suka tsaya nan kowa na nuna wa ɗan'uwansa wuri, jama'a na jira, har wani ya gaji ya jawo wata tabarma ya haɗa. Ba wanda ya kula, don an saba. Ni na kula.

Yaya ya tashi ya yi jawabi, ya maimaita alkawarinsa, sa'an nan ya juyo gare ni.

"Ga mai aikin nan. Auta, hwaɗa musu da bakinka. Injin ga ya san manya ko bai sani ba?"

Na miƙe. Na ce na gina wanda ya san manya kamar yadda Yaya ya umarce ni, na kuma gano ba zai yi ba, don haka ba zan sa shi ba. Aka fara gunaguni. Wani ya ce in yi bayani. Na san in na shiga zancen zare da makulli na rasa su, sai na ce su tuna abin da ya faru yanzu a bakin tabarma tsakanin Alhaji da Baffa.

"Ku kun samu mai jawo muku tabarma. Inji ba shi da wanga. In kunka nemi ruwa tare, haka za shi tsayawa shina bismillah, bismillah, har albasa ta bushe."

Wurin ya fashe da dariya, har su biyun. Ban nufi dariya ba, misali na nema, amma ta zo, kuma na ga inda ta sauka. Yaya yana tsaye shi kaɗai a tsakiyar mutanen da ba su taɓa yin dariya yana magana ba. Da aka natsu na yi bayanin gonar ƙarshen bututu ba tare da na kama suna ba, ko da yake kowa ya waiga ya dubi Nasiru, shi kuma ya sunkuyar da kai. Na yi bayanin layi da kyauta. Baffa Ladan ne ya fara cewa shi ya yarda, ya ce girman da inji zai ba shi dole ba girma ba ne. Sauran suka bi. Yaya ya jira aka gama, ya ce tun da bakinsa bai zama gaskiya ba, su nemi wani shugaba. Aka yi ta ba shi haƙuri, ya sa takalmansa ya tafi.

An buɗe injin a kan lokaci. Ranin ya yi zafi, kowa kullum yana nema, kamar yadda na faɗa, kuma ba a taɓa samun ranar da ruwa ya cije ba. Nasiru ya kwashe albasarsa. Abin da ban zata ba shi ne yawan kyautar. Samari suka mayar da ita abin gasa, dattijo yana zaune sai saƙo ya shigo masa cewa ɗan wane ya ba ka wurinsa, ya yi ta sa albarka, har ya bi yaron gida da godiya. Mutum ɗaya ne bai taɓa karɓa ba. Duk wanda ya ba Yaya wurinsa, sai ya bar ruwan ya wuce, ya jira layinsa.

Ga kuma abin da na biya. Bai yi mini faɗa ba, bai hana iyalinsa zuwa gidana ba, bai bar gaishe ni ba. Suna kawai ya canza mini. Tun daga ranar na zama Malam. Ina zuwa gaishe shi kamar kullum, ya amsa kamar yadda ake amsa wa maƙwabcin kirki, ya tambayi iyali, shi ke nan. Na ba shi haƙuri a kan dariyar, ya ce ba komai. Ban ba shi haƙuri a kan aikin ba, don da na yi ƙarya. Inna ta yi iya ƙoƙarinta har ta koma ga Allah ba ta ga an shirya ba, kuma wannan ya fi komai ci mini rai. Ku kuma yara kuka ga fuskokinmu, kuka ƙarasa labarin da kanku, kuka fara ja da baya da juna. Ina kewar yayana tun yana raye, shekara da shekaru, gidansa na kallon nawa. Duk da haka, da za a mayar da ni bakin tabarmar nan, abin da na faɗa shi zan sake faɗa. Wanda aka ba amanar makulli ba ya cewa yana riƙewa alhali ya san ba ya riƙewa, ko da wa ya roƙe shi.

A zaman makokin Yaya ne Nasiru ya matso kusa da ni. Lokacin ya zama cikakken ɗan gari, har ya aurar da 'ya a nan. Ya yi mini gaisuwa, sa'an nan ya ce shi ba zai manta da abin da marigayi ya yi ba shekarar ƙarancin ruwa. Na ce wane abu? Ya dube ni da mamaki, don ya ɗauka na sani. Ashe shekarar da na tafi Sakkwato aka yi mini aikin ido na daɗe can, ruwan da ake saki daga Goronyo ya ragu, sai wasu masu manyan gonaki suka kawo shawara a ɗauko wani ya canza tsarin, a mayar da manya gaba, tun da ai shi ne asalin abin da Alhaji Sahabi ya so. Sun ɗauka sun sami mai goya musu baya. Yaya, wanda rabonsa da magana a taro tun ranar da ya sauka, ya dogara sandarsa ya miƙe.

"Ƙanena ya duba abin ga, ya ce ba ta yi. Ni nir rene shi, na san ba shi ƙarya ga aikinai. Wanda zai taɓa injin ga shi bari sai na mutu."

Nasiru ya ce daga nan ba wanda ya ƙara tayar da zancen. Na tambaye shi ko akwai wanda Yaya ya ce kada a gaya mini. Ya ce a'a, kowa dai ya ɗauka tsakanin wa da ƙane ba a bukatar ɗan aike.

Wannan shi ne mutumin da ake ce muku mun rabu da shi a kan raini. Ku je gidansa, ku 'ya'yana, kada ku jira a kira ku. Ni dai a ranar da Nasiru ya gaya mini wannan ban iya ci gaba da zama cikin masu karɓar gaisuwa ba. Na tashi na shiga cikin gida, na wuce mata suna ta kallona, na je ƙofar ɗakinsa na cire takalmana. Na san ba kowa a ciki. Na tsaya na yi sallama.